Bishop da Bindiga: Abin da Finafinan Binciken Kisa Suke Tonowa a Ƙananan Garuruwan 'Yan Mormon

A farkon fim ɗin Brigham City, wanda Richard Dutcher ya rubuta, ya ba da umarni, ya kuma fito a matsayin jaruminsa a shekarar 2001, shugaban 'yan sandan wani ƙaramin gari a jihar Utah ta Amurka ya hangi wata mota a yashe a bayan gari, da lambar Kalifoniya a jikinta. Da ya tsaya ya duba sai ya ga jini, ya bi sawu har ya iske gawar wata mata. Abin da ya yi bayan nan shi ne mabuɗin fim ɗin gaba ɗaya, domin maimakon ya zage damtse ya shiga bincike, sai ya kira hukumar FBI ya miƙa mata lamarin, ya kuma nemi mataimakinsa ya ja bakinsa ya yi shiru. A lissafinsa matar baƙuwa ce, wanda ya kashe ta ma baƙo ne, babbar hanya ce ta kawo su, kuma ita ce za ta tafi da maganar. Garinsa, inda mutane suke kwana ba su sa wa ƙofa sakata ba, ba shi da hannu a ciki.

Sunan wannan mutum a fim ɗin Wes Clayton, kuma riga biyu yake sawa. Shi ne sherif, wato shugaban 'yan sandan da jama'ar gunduma suke zaɓa da ƙuri'a, shi ne kuma bishop na ikilisiyar unguwarsa a Cocin Yesu Almasihu na Tsarkakan Kwanakin Ƙarshe, wanda duniya ta fi sani da cocin Mormon. Mai kallon da bai san tsarin wannan coci ba zai iya ɗauka marubucin ne ya ƙaga wannan haɗi don ya ƙara wa labari armashi, alhali abu ne da ke iya faruwa ba tare da kowa ya yi mamaki ba. A matakin unguwa cocin ba shi da limaman da ake biya albashi. Ana raba mabiya bisa taswira, kowane rukuni na 'yan ɗaruruwan mutane da ke zaune a yanki ɗaya ya zama ikilisiya guda, mutum kuma ba ya zaɓar inda zai yi ibada, inda gidansa ya faɗa nan zai je. Daga cikin magidantan wannan yanki ake ɗauko ɗaya, ko likitan haƙori ne, ko manomi, ko malamin makaranta, a naɗa shi bishop na kimanin shekara biyar, yana ci gaba da sana'arsa. Wurinsa ake kai ushiri, wato kashi ɗaya cikin goma na abin da mutum ya samu. Shi yake raba tallafi ga mabuƙata. Shi yake zama da mutum a keɓe ya yi masa tambayoyi kan gaskiyarsa da tsarkin aurensa da ko yana shan giya, taba, shayi ko kofi, kafin a ba shi takardar izinin shiga haikali. Gabansa kuma mai babban zunubi yake zuwa ya yi ikirari. A lokacin da aka yi fim ɗin akwai kuma tsarin da ya ɗora wa maza bibbiyu ziyartar wasu gidaje da aka ware musu kowane wata, tsarin da aka sauya wa fasali a 2018.

Duk wanda ya san yadda ake gina labarin binciken kisa zai ga dalilin da ya sa irin wannan wuri yake jan marubuta. Labarin bincike yana buƙatar da'ira rufaffiya, inda waɗanda ake zargi ƙidayayyu ne kuma kowa ya san kowa. Yana buƙatar asirai da wanda yake riƙe da su. Ƙaramin garin 'yan Mormon ya tanadi duka biyun tun kafin marubuci ya ɗauki alƙalami, domin tun zamanin Brigham Young, shugaban cocin da ya kai mabiyansa Utah, aka tsara waɗannan garuruwa a kan layuka miƙaƙƙu, gidaje a cure a tsakiya, gonaki a bayan gari, ta yadda maƙwabcinka shi ne abokin ibadarka, shi ne malamin ɗanka ranar Lahadi, wataƙila kuma surukinka. Matsalar Wes ita ce abin da ya ji da kunnen bishop amana ce da addini da dokar jihar suka yarda a rufe, abin da yake nema da idon sherif kuwa wajibi ne ya fito fili. Kamar a ce limamin unguwa shi ne DPO, wanda ya zo masa da kuka da asuba shi ne zai iya sa wa ankwa da la'asar.

Kafin Dutcher, an shafe fiye da shekara ɗari ana haɗa 'yan Mormon da labarin kisa, sai dai kusan kullum daga waje ake leƙo su. Littafin da Arthur Conan Doyle ya fara gabatar da Sherlock Holmes a cikinsa a 1887 ya ɗauko tushen kisan da aka yi a Landan daga Utah, inda ya zana Brigham Young a matsayin azzalumi mai rundunar ɓoye da ke hallaka duk wanda ya bijire, da 'yan mata da ake yi wa auren dole. Finafinan zamanin da babu sauti sun bi wannan turba, har da wani na ƙasar Denmark a 1911 da wani na Ingila a 1922, waɗanda suka nuna 'yan mishan ɗin cocin a matsayin masu yaudarar 'yan mata zuwa gidajen auren mata da yawa. Wannan hoto bai faɗo daga sama ba. Joseph Smith ya kafa cocin a jihar New York a 1830. Gwamnan Missouri ya ba da umarni a 1838 cewa a kori mabiyansa ko a ƙarar da su. Gungun mutane sun harbe Smith a kurkukun Carthage a 1844. Waɗanda suka bi Brigham Young kuma suka isa kwarin Salt Lake ranar 24 ga Yulin 1847 da tabon wannan tsanantawa a zuciya. Shekara goma bayan haka, a Satumban 1857, wasu mayaƙan sa-kai na 'yan Mormon a kudancin Utah suka kashe matafiya kusan 120 da suka taso daga Arkansas a wani wuri da ake kira Mountain Meadows, suka bar ƙananan yara 17 kawai, mutum ɗaya tak kuma, John D. Lee, aka zartar wa hukuncin kisa a kan haka, shi ma sai a 1877. Al'ummar da aka zalunta kuma ta yi zalunci, ta kuma koyi rufe bakinta a gaban baƙo, ita ce marubutan waje suka samu, suka ɗauki rabin labarin suka bar rabi.

Dutcher ɗan gida ne a lokacin, ya yi aikin mishan, kuma fim ɗinsa na farko da ya yi suna, God's Army na shekarar 2000, wanda ya yi da kuɗi kaɗan a kan rayuwar matasa 'yan mishan a Los Angeles, shi ya buɗe ƙofar abin da aka riƙa kira sinimar 'yan Mormon. Saboda haka da ya juya ga labarin kisa, bai da buƙatar mayar da mutanensa dodanni, bai kuma ga dalilin wanke su tas ba. Garin da ya ƙaga, wanda aka ɗauka a Mapleton ko da yake akwai ainihin gari mai suna Brigham City a arewacin jihar, wuri ne mai daɗin zama da gaske, mutanensa kuma masu kirki ne da gaske. Abin da fim ɗin yake tuhuma shi ne wani zato da ya kwanta a ƙarƙashin wannan kirki, zaton cewa mugunta tana da kama, kuma kamarta ta baƙo ce.

Ana ganin wannan zato ƙarara bayan an tsinci gawa ta biyu, wadda ta 'yar gari ce, sarauniyar kyau ta garin. Yanzu ba dama a ce abin na masu wucewa ne, amma duk da haka inda hankalin Wes ya fara tafiya shi ne mashaya da ma'aikatan gini da suka shigo garin saboda sababbin gidajen da ake yi. Ya sa aka riƙa tattaro masa kwalaben giya da kofuna daga mashayar ana ɗaukar zanen yatsun da ke jikinsu, bisa tunanin cewa wanda zai iya kashe mace dole yana cikin masu sha. A idon ɗan sanda wannan dabara ce mai rauni, a idon bishop kuwa tana da ma'ana, domin a tarbiyyar da ya tashi a ciki ƙaramin saɓo tsani ne zuwa babba, wanda kuma ya kiyaye ƙananan dokoki ana kyautata masa zato a manya. Da aka sace wata yarinya, aka kuma harbe tsohon sherif ɗin garin, wanda Wilford Brimley ya fito a matsayinsa, sai Wes ya yi abin da ya fi kowane abu tayar da hankali a fim ɗin: ya tara mazan coci, ya raba su bibbiyu kamar yadda aka saba raba su don ziyarar gidaje, ya tura su su bincike kowane gida a garin, ɗaki bayan ɗaki, ba tare da takardar izinin kotu ba. Wata jami'ar FBI da ta zo binciken ta nuna masa cewa wannan ya saɓa wa tsarin mulki, bai saurare ta ba. Mutum ɗaya ya ƙi a buɗe wani ɗakin ajiyarsa, aka danne shi aka buɗe da ƙarfi a gaban mahaifiyarsa da maƙwabta, abin da aka samu kuwa tarin hotunan batsa ne, ba yarinyar ba. An tona asirin mutumin da bai kashe kowa ba, an kuma karya shi a garin da ba shi da wani wurin zuwa.

A nan ne nake ganin fim ɗin ya yi zarra, domin bai ce Wes mugu ne ba, bai kuma ce ya yi daidai ba. Ya nuna cewa tsarin da ke sa a kai wa maras lafiya abinci kafin ya roƙa, shi ne dai tsarin da cikin sa'a guda za a iya juya shi ya zama rundunar bincike da babu alƙalin da zai taka mata burki, saboda kowa ya saba yi wa bishop biyayya. Akwai wani zaman darasin Lahadi a tsakiyar fim ɗin inda ake tattauna ayar nan ta Matiyu sura 10 da ta umarci almajirai su zama masu wayo kamar macizai, marasa cutarwa kamar kurciyoyi, ana tambayar ko mutum zai iya samun wayon ba tare da ya rasa tsarkin zuciyarsa ba. Tambayar ba ta tsaya a aji ba, ta bi Wes har gida.

Wanda bai ga fim ɗin ba ya yi haƙuri, domin sharhin ba zai yiwu ba sai an faɗi ƙarshensa. Ana zaton wuta a maƙera, sai ta tashi a masaƙa: mai kisan shi ne Terry, mataimakin Wes, matashi mai mata da iyali, mai zuwa coci, wanda yake zaune a gefensa a mota tun daga gawar farko. Yana da tsohon laifi a wata jiha, Wes kuma bai taɓa bincikar tarihinsa ba kafin ya ba shi bindiga da baje, saboda ya zo da siffar ɗan'uwa a bangaskiya. Don a gane nauyin wannan sai an san cewa 'yan Mormon sun yi imani ana ba bishop wata baiwa ta rarrabewa, wato Ruhu Mai Tsarki yana iya sanar da shi abin da ke zuciyar wanda ke gabansa. Idan haka ne, kuskuren Wes ya wuce sakacin ɗan sanda. Ko dai baiwar ba ta zo ba, ko ta zo bai ji ba, kuma kowanne daga cikin biyun ciwo ne ga mai bi.

Wannan tambaya ba Dutcher ne ya ƙirƙire ta ba, tarihin Utah na kusa ya riga ya yi ta da babbar murya. Mark Hofmann, wanda shirin gaskiya mai kashi uku na Netflix, Murder Among the Mormons, ya ba da labarinsa a 2021, tsohon ɗan mishan ne mai sanyin murya da ya shafe shekaru yana ƙera takardun tarihi na jabu yana sayarwa, har da cocin kansa cikin masu saye. Akwai hoton da aka ɗauka a 1980 yana tsaye tare da shugaban cocin na lokacin, Spencer W. Kimball, da manyan mataimakansa, suna duba wata takarda da shi ya ƙaga ta da hannunsa. Mafi shahara cikin ayyukansa wata wasiƙa ce da ta nuna wai wata farar halitta mai kama da ƙadangare ce ta bayyana ga Joseph Smith a maimakon mala'ika. Da bashi ya yi masa katutu, asirinsa kuma ya kusa tonuwa, sai ya dasa bama-bamai ranar 15 ga Oktoban 1985 a Salt Lake City da kewayenta, suka kashe mutum biyu, ɗayansu ɗan kasuwa ne wanda shi ma bishop ne. Washegari bam na uku ya tashi da shi a cikin motarsa, amma bai mutu ba. Masu binciken takardu ne suka gano shi, da suka lura a ƙarƙashin madubin ƙara girma cewa tawadarsa tana tsattsagewa ta wata hanya da tsohuwar tawada ba ta yi, ya kuma amsa laifi a 1987. Shi ma Ted Bundy an yi masa baftisma a cocin a Salt Lake City a 1975, lokacin da ya riga ya kashe mata da dama. Ko a fagen kuɗi, damfarar da ake yi ta hanyar amanar 'yan'uwantakar addini ta yi yawan da majalisar jihar ta kafa dokar buɗe rajistar masu laifin zamba a 2015, irinta ta farko a Amurka. Musa a baki, Fir'auna a zuci, ba a Utah aka fara shi ba, amma inda amana ta fi yawa nan ya fi samun kasuwa.

Shekara ashirin da ɗaya bayan fim ɗin Dutcher aka fito da wani aiki da ya ɗauki hanya dabam. Under the Banner of Heaven fim ne mai dogon zango, kashi bakwai, da Dustin Lance Black ya shirya a 2022 daga littafin Jon Krakauer na 2003, a kan wani kisa na gaske. Ranar 24 ga Yulin 1984, ranar da jihar take hutun tunawa da isowar magabata, 'yan'uwa biyu, Ron da Dan Lafferty, suka shiga gidan ƙaninsu a garin American Fork suka yanka matarsa mai shekara 24 da 'yarta mai wata 15. Gidan Lafferty sananne ne da riƙon addini, Ron ma ya taɓa zama kansila, ya kuma riƙe muƙami a ikilisiyarsa. Sannu a hankali 'yan'uwan suka zame zuwa ƙin biyan haraji da ƙin dokokin gwamnati, daga nan zuwa aƙidar cewa cocin ya ɓata tun da ya bar auren mata da yawa a 1890, har aka kore su daga cocin. Matar Ron ta rabu da shi ta kwashe 'ya'ya zuwa Florida, shi kuma ya ɗora laifin a kan waɗanda suka ƙarfafa mata gwiwa, musamman matar ƙanin nasa, wadda ta yi karatun aikin jarida a Jami'ar Brigham Young kuma ba ta iya yin shiru. A watan Maris na 1984 ya rubuta abin da ya kira wahayi, mai umartar a kawar da ita da jaririyarta da wasu mutum biyu. An kama su a Reno ta jihar Nevada. Dan yana zaman ɗaurin rai da rai, Ron kuma ya mutu a kurkuku a 2019 yana jiran hukuncin kisa.

Bambancin ayyukan biyu yana wurin da kowanne ya ajiye tushen mugunta. A wurin Dutcher maciji ne ya shigo lambu ya sa rigar 'yan lambu, aƙidar kanta ba ta haifi kisan ba, makantar masu ita ce ta ba shi hanya. A wurin Black kuwa iri ne da aka shuka tun farko, shi ya sa fim ɗin yake ta yanke labarin 1984 yana komawa zamanin Joseph Smith da Brigham Young da Mountain Meadows. Kuma ba za a ce ba shi da abin kamawa ba. Addinin Mormon ya ginu a kan cewa sama ba ta rufe ba, Allah yana ci gaba da magana, kowane mai bi kuma yana iya samun wahayi na kansa. A farkon Littafin Mormon akwai labarin Nephi, wanda Ruhu ya umarta ya kashe wani mutum mai suna Laban, bisa hujjar cewa gara mutum ɗaya ya hallaka da al'umma ta dulmuya cikin rashin bangaskiya. A shekarun 1850 kuma Brigham Young ya yi wa'azin cewa akwai zunuban da ba sa kankaruwa sai an zubar da jinin mai su, koyarwar da cocin ya nesanta kansa da ita, ya kuma sake musanta ta a 2010 lokacin da jihar ta harbe wani fursuna da bindiga. Daga waɗannan kayan ne 'yan'uwan suka ɗinka hujjarsu.

Sai dai cocin ya san haɗarin wannan ƙofa tun 1830, ya kuma sa mata ƙa'ida: mutum yana samun wahayi ne a kan abin da aka ba shi kulawarsa kawai, uba a kan gidansa, bishop a kan ikilisiyarsa, shugaban coci shi kaɗai a kan kowa, duk abin da ya saɓa wa wannan kuma ba a karɓarsa. 'Yan Lafferty wannan shinge suka tsallake, kamar yadda ƙungiyoyin masu auren mata da yawa na kan iyakar Utah da Arizona suka tsallake shi, irin ta Warren Jeffs, wanda wata kotu a Texas ta ɗaure rai da rai a 2011. A ganina raunin fim ɗin Black shi ne ya ja layi miƙaƙƙe daga ƙarni na 19 zuwa wuƙar Dan Lafferty, ya bar abubuwan da suka fi kusa, wato karayar arziki, mutuwar aure, uba mai duka, da guguwar ƙin gwamnati da ta kaɗa a yammacin Amurka a lokacin, ba su sami nauyin da ya kamace su ba. Masana tarihi da dama, har da waɗanda ba su saba kare cocin ba, sun yi ƙorafi a kan yadda aka nuna wasu al'amuran tarihin, mabiya kuma sun ce ba haka suke magana a gidajensu ba, da ambaton Uba na Sama a kowace jimla. Coci mai mabiya fiye da miliyan 17, wanda yake da haikali a Accra tun 2004 da Aba tun 2005, yana da wuya a taƙaita shi a gida ɗaya na gundumar Utah.

Duk da haka akwai inda Black ya ga abin da Dutcher bai tsaya a kansa ba. A Brigham City matan da aka kashe kusan gawawwaki ne kawai da ke motsa zuciyar Wes. Ciwon nasa ne ake kallo. A fim ɗin Black kuwa an ba matar da aka kashe rai da murya, an nuna yadda ta nemi taimako a wurin shugabannin addini, da yadda tsarin da maza kaɗai ke riƙe da muƙaman firistoci yake iya mayar da kukan mace ya zama nasiha a kan haƙuri da zaman aure. Ya kuma ajiye wa ɗan sandan da ya ƙaga, Jeb Pyre, wanda Andrew Garfield ya fito a matsayinsa, abokin aiki ɗan ƙabilar Paiute ta 'yan asalin Amurka, ƙabilar da aka daɗe ana ɗora wa laifin Mountain Meadows. Wannan abokin aiki yana ganin abin da ɗan gida ba ya gani, kamar yadda jami'ar FBI take gani a Brigham City, amma shi ba a ƙarshe zuciyarsa take karkata ga garin ba. Pyre yana shiga ɗakin tambayoyi yana kiran wanda ake zargi ɗan'uwa, yana amfani da harshen coci don ya buɗe bakinsa, kowace amsa da ya samu kuma tana ɓantarar wani abu daga bangaskiyarsa, har matarsa ta fara tsoron abin da zai dawo gida da shi.

Wes bai rasa bangaskiyarsa ba, abin da ya rasa shi ne yardar da yake yi wa kansa, kuma Dutcher ya nuna wannan da wani yanayi na mintuna da dama da babu mai cewa uffan. Bayan Wes ya harbe Terry a gidansa, a gaban matarsa, sai ga Lahadi ta zo. A cocin Mormon ana cin jibin Ubangiji kowane mako da gurasa da ruwa, ba ruwan inabi ba. Samari 'yan kimanin shekara 16 suke yin addu'a a kansa, yara 'yan kimanin 12 suke zagayawa da faranti, al'ada kuma ita ce a fara miƙa wa shugaban da ke jagorantar taron kafin kowa. Wanda ya san yana ɗauke da babban zunubi ana so ya bar farantin ya wuce, bishop ne ma yake gaya wa mutane haka. Yaron ya miƙa wa Wes, Wes ya girgiza kai. Mataimakansa na coci suka ƙi ɗauka. Farantin ya bi layi bayan layi, har iyalan waɗanda aka kashe, ba wanda ya taɓa, ya dawo cike kamar yadda ya tafi. Sai wani yaro ya sake ɗaukarsa ya je ya tsaya a gaban bishop, ya ƙi motsawa, har Wes ya miƙa hannu yana kuka ya ɗauki gutsuren gurasa, sannan jama'a suka ci.

Ana iya karanta wannan a matsayin gafara mafi kyau da aka taɓa ɗauka a sinimar addini ta Amurka, ana kuma iya lura cewa haɗin kan nan da ya ɗaga Wes shi ne wanda ya fasa ɗakin ajiyar mutumin nan kwanaki kaɗan kafin haka. Masu sharhin finafinai sun yaba, amma 'yan kallon da suka cika sinima don God's Army ba su fito haka ba, fim ɗin bai kawo ko rabin kuɗin na farko ba. Wasu mabiya sun ƙi shi saboda jini, wasu saboda an sa kyamara a kan ibadar da suke ganin ba ta kallo ba ce, aka kuma haɗa ta da labarin mai kisan mata. Kasuwar da Dutcher ya buɗe sai ta cika da finafinan barkwanci a kan rayuwar coci. Ya sake yin wani fim mai nauyi a kan 'yan mishan a 2005, a 2007 kuma ya rubuta a wata jaridar garin Provo na Utah cewa ya daina bin cocin.